A bar mai rauni ya riƙe allin

Ƙannena da kuka fito daga kwalejin ilimi da NCE a hannu aka turo ku ƙauye, ga abin da ya same ni a wata sakandaren jeka-ka-dawo a yankin Gumel, inda nake koyar da lissafi.

Da jarrabawar kammala sakandare ta NECO ta matso, sai na kasa 'yan SS3 rukuni-rukuni, na ɗora mai ƙoƙari a kan kowane, na raba musu tsofaffin tambayoyi. Kullum takarda ɗaya ake kawo mini daga kowane rukuni, amsoshi daidai, ni kuwa raina fari tas. Ashe mutum ɗaya ke noman, sauran suna jiran girbi. Ban farga ba sai ranar da na gwada su kowa shi kaɗai. Wata yarinya da rukuninta bai taɓa faɗuwa ba, na ce ta haɗa 1/2 da 1/3, ta rubuta 2/5. Har yau abin yana ci mini rai. Watanni na ɓata mata, alhali na san in babu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ba maganar jami'a.

Akwai wani laifin nawa da ya fi wannan: na hana su yin Hausa a rukuni. Wai don bakinsu ya saba da Turanci. Sai masu rauni suka yi gum, kunya ta rufe musu baki. Yaron da ke lissafin kuɗin buhun riɗi da ka, ya zauna kamar bai san ƙidaya ba.

Yanzu ba na wuce mutum biyar a rukuni. Su yi musu da Hausa har su gamsu, sannan kowa ya rubuta amsarsa da Turanci a littafinsa. Wanda zai fito gaban allo kuma ni ke zaɓa, ba su ba, kuma ba sa sanin wa zan kira. Nan take mai ƙoƙarin ke komawa malami, domin makin rukuninsa yana hannun wanda ya fi kowa rauni. In wanda na kira ya kuskure, ba dariya, 'yan rukuninsa ne za su gyara masa. 'Yan mata kuwa na lura sun fi sakin jiki in rukuninsu daban.

Ku duba lokaci. Na taɓa sa bitar yamma ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na tarar da benci wayam. Ga shi NECO tana faɗowa cikin Yuni da Yuli, daidai lokacin shuka da noman farko, iyaye na bukatar 'ya'yansu a gona. Don haka nake fara rukunin tun zangon farko, da sanyi, bayan an gama kai amfanin gona gida, kuma a cikin lokacin darasi.