Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Malamin da Bai Taɓa Ce Mini Haziƙi Ba

A makon jiya na tsaya ne a inda aka ce in maimaita aji biyu na sakandare saboda lissafi ya kayar da ni. Da aka dawo daga hutu, can ƙuryar aji na samu wuri. Malami na jefo tambaya sai in sunkuyar da kai, in kama zane a bayan littafi. Ko da amsar tana bakina, hannuna ba ya tashi. Na riga na yanke wa kaina hukunci cewa kaina ba ya ja.

A gida Inna ba ta fasa lallashi ba. "Kai fa haziƙi ne, ɗana, kada ka sa damuwa a ranka." Da zuciya ɗaya take faɗa, Allah Ya saka mata da alheri, amma maganar ba ta zama a raina, don takardar sakamako tana ƙaryata ta.

A zangon ne aka kawo mana sabon malamin lissafi. Wata rana bayan an tashi ya tsayar da ni, ya rubuta mini wasu tambayoyin rabawa irin na 'yan firamare. Raina ya sosu, na ce, "Malam, ai wannan na yara ne." Ya ce, "To yi mu gani, yarona." Da na gama ya bi layi-layi da jan biro, ya tsaya a wani wuri ya ce, "Nan ka bi hanya mai kyau. Gobe zan ƙara maka nauyi kaɗan." Kullum haka muke yi, aikin yau ya ɗara na jiya da kaɗan. Idan na kuskure sai ya ce in nemo inda ƙafata ta zame da kaina, shi kuwa ya ci gaba da makin littattafansa kamar ba ya wurin.

Ranar da ya fara kira na gaban allo, gumi ya jiƙa mini tafin hannu har alli ya karye. Wasu suka yi dariya. Ya miƙo mini wani allin, ya ce a hankali, "Irin wadda ka yi jiya ce." Da na duba, gaskiya ne, lambobin kawai ya sauya. Na warware ta hannuna na rawa.

Sai da na shiga kwalejin horar da malamai na gane cewa abin da mutumin nan ya yi mini yana da tushe a ilimi. A 1977 Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford da ke Amurka, ya bayyana cewa yarda da kai a kan wani aiki tana samuwa daga ganin na kusa da kai ya yi, da ƙarfafawar mutane, da yanayin jiki lokacin fargaba, amma mafi ƙarfi shi ne nasarar da mutum ya samu da hannunsa. A 1998 kuma wasu masanan halayyar ɗan Adam, Claudia Mueller da Carol Dweck, suka gwada 'yan aji biyar na firamare: waɗanda aka yaba wa basirarsu sun fi saurin karaya da aiki ya yi tsauri, waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa suka dage. Ranar da na karanta wannan, Inna da Malam ne suka faɗo mini a rai. Dukansu suna ƙaunata, sai dai shi ya ba ni hujjar da zan iya gani a littafina.

Kafin ƙarshen shekara na dawo layin gaba da zama, har wani abokina yakan kawo mini aikin gida in nuna masa. Sai wata safiya aka liƙa sunayen waɗanda za su wakilci makaranta a gasar kacici-kacici, na ga sunana a ciki, alhali ba wanda ya shawarce ni. Yadda muka kwashe da Malam a kan wannan, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.