Ɗakin Kaka a Kan Madubi: Sati na Uku

'Yan uwa masu koyo, yau dai madubin ya amsa.

Ga wanda bai san inda aka kwana ba, wani aikin Oscar Muñoz, mai fasaha ɗan ƙasar Kolombiya, na shekarar 1995 ne ya ja ni. Faya-fayan ƙarfe ne masu sheƙi. In ka tsaya gabansu fuskarka kawai za ka gani, sai ka hura musu huci hoton wani mamaci ya fito, hucin na bushewa ya ɓace. Ni kuwa ɗakin marigayiya kakata nake son zanawa, na tsohon gidanmu da ke Gangare.

Sati biyu na ɓata ina gwada zana shi a kan madubi da man kaɗe. Komai ƙanƙantar shafin, maiƙon yana nunawa tun kafin a hura, asiri ya tonu ke nan. Abin da ya yi shi ne ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke a rabin kofin ruwa, a zana da tsinken goge kunne, a bari ya bushe sarai. Inda sabulu ya taɓa, raɓar ba ta taruwa, shimfiɗewa take yi, sai layin ya fito garau a cikin hazon. Ku gwada da sassafe. Sanyin hunturun Jos ya yi mini rana, domin sai gilashi ya yi sanyi yake riƙe huci; da azahar kafin ka ɗago kai ya tafi.

Abin da ban zata ba shi ne huci ɗaya bai wuce faɗin tafin hannu. Ɗakin ba ya fitowa gaba ɗaya. Ka hura nan ka ga ƙafar gadon ƙarfe, ka matsa ka ga jeren kwanonin samira, kafin ka kai taga gadon ya ɓace. Da na yi niyyar dawowa ƙaramin madubi, amma na fasa, don ni ma haka ɗakin yake zuwar mini, gutsure-gutsure.

Da hantsi na kai wa Umma. Ta hura, ta sake hurawa, ta yi shiru. Can ta ce, "Allah Ya jiƙan Inna. Amma randa ai bayan ƙofa take, ba ƙarƙashin taga ba."

Gobe in Allah Ya kai mu zan wanke gefen nan in mayar da randar wurinta.