Yaron da ya yi tambaya a halƙar karatu

Aikina karantar da Alƙur'ani a wani masallacin unguwa, wajen Shara Mansur a Makka. Yawancin ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne haifaffun nan, wasu ma kakanninsu a ƙafa suka ratso Sudan, suka haye Bahar Maliya daga Sawakin. Babban abin da wannan aiki ya koya mini shi ne kada a toshe wa yaro baki in ya zo da tambaya mai nauyi.

Dattawanmu har yau suna tuna asubar 1 ga Muharram 1400, wato 20 ga Nuwamba 1979, ranar da Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka rufe ƙofofin Harami da bindigogi, suna cewa Mahadi ya bayyana. Mako biyu ba ɗawafi. A Janairun 1980 aka zartar wa mutum 63 hukuncin kisa. Abin da ke ci mini rai shi ne da yawansu a zauren karatu suka taso, ba a mashaya ba. Bayan haka sai aka ja bakin aka yi gum, maganar ta koma raɗa. Ai kuwa miki in an rufe shi ba magani, ruɓa yake yi. Ranar 12 ga Mayu 2003 aka tayar da bama-bamai a rukunin gidaje uku a Riyad, a Ramadan ɗin shekarar kuma aka kai wa gidajen Muhayya, inda akasarin mamatan Larabawa ne, har da yara.

A wannan karon ƙasar ta buɗe baki. Aka kafa Cibiyar Sarki Abdul'aziz ta tattaunawar ƙasa a 2003, aka soma shirin munasaha, inda malamai da masana halayyar ɗan Adam ke zama da fursunonin da suka ɗauki aƙidar kafirta Musulmi, a saurare su, a warware musu shubuha, a jawo iyayensu cikin lamarin. Ni a wurina wannan ya fi kowane dogon bene da aka gina a garin nan.

Na ga amfaninsa da idona a 2016. Ana dab da ƙaramar sallah ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam kusa da Masallacin Annabi a Madina, daidai buɗa-baki, askarawa huɗu suka rasu. Da muka dawo karatu, wani yaro ya rufe mus'hafinsa, ya bar yatsa a shafin da yake, ya ce, "Ustaz, wani a waya ya ce askar kafirai ne. Da gaske ne?" Sauran yaran suka yi tsit, suna jiran tsawa. Na ce, "Matso nan, ɗana. Wa ya faɗa, kuma da wace hujja?" Har aka kira Isha muna kan maganar alfarmar jinin Musulmi. Da an kore shi ranar, wancan na waya ne zai ci gaba da ba shi amsa.

An samu ci gaba, ba mai musu. 'Yan'uwanmu mata na tuƙi tun 2018, suna aiki a asibitoci da kantuna, kuma a shekarar ce Usama Hausawi, ɗan Makka, ya ɗaura kambun kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya. Yaranmu sun gani, sun ɗaga kai.

Amma akwai waɗanda hankalina bai kwanta a kansu ba: samarin da aka haifa a nan, ba su san Kano ko Sakkwato ba, ga shi ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba makaranta mai nisa, ba aikin kirki. Saurayin da ya ji ba shi da wuri a ko'ina, shi ne mai saurin amsa kiran duk wanda ya ce masa ɗan'uwa. Ina roƙon manyan jaliyarmu, wato al'ummar Hausawan nan, su ɗauki maganar takardun yaran nan da gaske, su kai ta inda za a ji, tun suna zuwa halƙa da ƙafarsu.