Yadda muka kai tashar kyauta mai talla daga Kano har talabijin ɗin mutanen unguwar Bronx a New York

Tunda kullum sai an kira ni ana tambaya wai ya muka yi tasharmu ta hau talabijin ɗin mutanen waje, bari dai in rubuta sau ɗaya in huta.

Mu uku ne, ni da abokina da muke aikin edita tare tun zamanin da ake buga sidi a kai Ƙofar Wambai, sai ƙanen matata da ya karanta kwamfuta. Jarinmu rumbun ajiya biyu ne cike da tsofaffin finafinan Hausa da shirin girki da hirarrakin da muka ɗauka da kanmu. Shi yaron ne ya zo da labarin irin tashar da turawa ke ce wa FAST, wato kamar talabijin ɗin da muka sani ne, shiri na bin shiri dare da rana ba kai ke zaɓa ba, sai dai ta intanet take zuwa kuma mai kallo ba ya biyan ko sisi, talla ce ke biya. Ya ce Yaya ka san manyan kamfanonin talabijin na Amurka na sayen masu irin wannan harkar, Viacom ta sayi Pluto TV dala miliyan 340 a 2019, Fox kuma ta sayi Tubi miliyan 440 a 2020? Ni kuwa da jin miliyoyin nan na hau cinikin biri a sama, har na fara tunanin motar da zan canza.

Mun zaci na'ura ce za ta ba mu wahala, ashe takarda ce. Manyan dandalin da ke ɗauke da irin waɗannan tashoshi a talabijin, irin su Samsung TV Plus da Roku Channel da LG Channels yawanci ba kai tsaye ƙaramin mai tasha ke shiga ba, akwai kamfanonin tsakiya irin su Amagi na Indiya da Wurl na Amurka, su ke jera maka shirye-shirye a sabarsu, wato babbar kwamfutar da ke ajiye hoton tana tura shi ta intanet, su miƙa sigina. Mu wani ƙarami muka samu daidai aljihunmu, ba zan kama suna ba. Tambayar farko da suka yi, ina shaidar cewa kuna da iznin haska kowane fim, a wace ƙasa, zuwa yaushe? Mu da cinikin baka muka saba. Na je wajen wani Alhaji furodusa a shagonsa, yana shan shayi ya ce min, ai malam fim ɗin na sayar wa wane tun tuni, amma fa sidi na sayar masa, lokacin ina aka san wata intanet? Na je wajen wanen ya ce Alhaji ya ji tsoron Allah, fim da kayan cikinsa ya saya. Ga mai waƙar da ke cikin fim ɗin shi ma ya ce ba a gama biyansa ba. Wajen rabin rumbun nan haka muka ajiye shi gefe, wallahi har yau in na tuna raina na ɓaci, don a ciki mafi daɗin finafinan suke.

Wanda ya tsira ma sai da ya sha gyara. Hoton tsohon yayi ne mai kusurwa huɗu, sauti wani wuri kamar raɗa wani wuri ya fasa kunne, lambar wayar ɗan kasuwa na gudu a ƙasan allo, wani ma tallar maganin basir aka liƙa masa a tsakiya. Fassarar turancin kuma a jikin hoton take, su kuwa fayel daban suke so. Sai jadawali, kowane shiri sai da sunansa da ɗan bayani da hotonsa, a tura kwanaki kafin lokaci.

To sai maganar gurbin talla, nan ne na koyi sunan da ban taɓa ji ba, SCTE-35. Alama ce da ake dasawa a cikin sigina tana cewa ga inda talla za ta shiga, ga tsawonta. Don gudun wahala muka ce na'ura ta riƙa yankawa duk minti 10. Kai, ranar gwaji uwa na tsaka da yi wa ɗanta faɗa, ta buɗe baki za ta ce Allah ya isa sai ga tallar inshorar mota. Dole muka zauna mu uku muna kallon fim ɗaya bayan ɗaya muna sa alamar da hannu inda fitowa ta ƙare, wata biyu muna wannan, rabi a kan janareta.

Biyu daga cikin manyan dandalin sun ce mana a'a cikin ladabi, kuma gaskiyarsu ne, tambaya suka yi mutum nawa za su kalli tashar Hausa a Amurka muka kasa ba da amsa mai kama hankali. Sai muka bazu a ƙananan manhajoji, muka yi tamu a Roku da Fire TV, na'urorin da ake kallon intanet da su a talabijin, da wayar Android, har wuri bakwai muka hau ina ta yi wa mutane burga da lissafin. Ciniki iri biyu ake yi, ko dandali ya sayar da tallar duka a raba kuɗi, ko a raba mintocin kowa ya sayar da nasa. A wuri biyu na zaɓi mintoci don ina ganin wayo ne, alhali ba ni da ko mai talla ɗaya a hannu. In kuwa babu tallar da ta cike gurbi, allo ne ke tsayawa da ɗan kiɗa an rubuta za mu dawo, minti biyu cur. Kawuna ya kira ni ya ce kai wannan tashar taku kullum za ku dawo za ku dawo, ina kuke zuwa ne?

Abin da ya fi ƙona ni shi ne na gida. Da muka saki manhajar waya mutanen Kano da Kaduna da Maraɗi suka yi ca a kai, lambobi suka hau ina ta murna, sai ƙarshen wata takardar kuɗin saba ta zo. Duk awar da mutum ya kalla akwai kuɗin isar da hoton da muke biya da dala, su kuma masu talla kan kowane kallo dubu suke biya, kuma farashin ya danganta da inda mai kallon yake. Wanda ke zaune a Bronx gaban babban talabijin ana rububin sa, ɗan uwana na Fagge da wayarsa sau da yawa ko talla ba ta zuwar masa, sai za mu dawo. Ga shi kuma lokacin aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin a yi nisa a 2024. Wato masoyanmu na gaskiya su ke cinye mu, kuma ba laifinsu ba ne, datarsu suka saya suka kalla.

Sai abin kunyar da ba zan manta ba. Cikin azumi, ana shirin girkin buɗa baki, wata Hajiya daga New York ta samo lambata ta kira, ko sallama ba ta gama ba ta ce ɗana tallar giya kuke mana a watan Ramadan? Na ce Hajiya wallahi ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba, don tallar ba ta bi ta hannunmu, na'ura ce ke gwanjonta ta liƙa wa kowane mai kallo tasa, abin da ta gani a can ni ban gan shi a Kano ba. Ashe akwai jerin da ake cikewa tun farko a toshe giya da caca da shafukan neman masoya, mu muka tsallake shi don turancin ya yi yawa. Muka toshe a daren, kuɗin da ke shigowa ya ƙara raguwa, amma hakan ya fi min. Ita ce ma ta ankarar da ni cewa babban shirin da muke sawa ƙarfe 8 na dare agogon Kano, su a can 3 na rana ne ko 2 in lokacin sanyi ne, kowa na wajen aiki.

Kuɗin kansa sai ka yi haƙurin mai kiwon raƙumi, ka cike fom ɗin harajin Amurka W-8BEN-E, ka buɗe asusun dala, sannan na watan Janairu ya iso wajen Afrilu.

Yanzu daga wuri bakwai mun koma uku. Mutanen gida mun mayar da su YouTube inda ba mu ke biyan saba ba, jadawali ya koma agogon New York, mintocinmu kuma ni ke bin masu shagon kayan abincin Afirka da masu aika kaya gida ta jirgin ruwa ina sayar musu ta WhatsApp, Hajiyar nan ce ta haɗa ni da biyun farko. Motar dai ban canza ba. Alhaji furodusa kuma duk ƙarshen wata sai ya kira ya tambayi kasonsa na fim ɗin da har yau ba mu haska ba.