Godiya bayan farfaɗowar ƙanenmu

Assalamu alaikum warahmatullah. A madadin mahaifiyarmu da ɗaukacin iyalanmu, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa an sallamo ƙanenmu daga asibiti bayan doguwar sumar da ya shiga sakamakon hatsarin babur. Yanzu yana gane mutane, yana amsa magana, ko da yake harshensa bai gama sakewa ba. Alhamdulillahi.

Bayan Allah, godiyarmu ta farko ga likitocin da ba su ɓoye mana komai ba. Ranar da aka kai shi, sun auna shi da ma'aunin Glasgow, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da shi a 1974, inda ake duba buɗe ido da magana da motsin gaɓoɓi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Maki 6 ya samu, kuma suka faɗa mana ƙarara cewa daga 8 zuwa ƙasa alamar mummunan rauni ce.

Sai dai shi wannan ma'auni da abin da jiki ya nuna yake aiki, saboda haka likitar ƙwaƙwalwa ta sa aka yi masa gwajin EEG, wato gwajin da ke auna motsin lantarkin da ke cikin ƙwaƙwalwa. Muna yi wa ma'aikacin da ya yi wannan gwaji godiya ta musamman. Ya manna masa wayoyi kusan ashirin a fatar kai, ya kira sunansa daidai kunnensa, ya tafa hannu, ya danna masa farce, idonsa na kan layukan da ke tafiya a kwamfuta. Ko gezau yaron bai yi ba, amma layukan sun sauya, wato ƙwaƙwalwar tana amsawa. A gwajin ne kuma aka gano yana farfaɗiya irin wadda ba ta jijjiga jiki, wadda da wuya ido ya kama ta, aka ɗora shi kan magani a daren.

Likitar ta zaunar da mu ta ba mu labarin binciken Adrian Owen na 2006 a Kambirij ta ƙasar Ingila, inda aka umarci wata matashiya da ba ta nuna alamar hayyaci ba ta ƙiyasta tana wasan tanis, sai hoton ƙwaƙwalwarta ya nuna ta bi umarnin. Ta ƙara da cewa wani babban bincike na 2024 ya samu irin wannan ɓoyayyiyar amsa a wajen kusan kashi ɗaya cikin huɗu na majinyatan da ba sa bin umarni da jiki. Ta ja mana kunne cewa wannan ba alkawarin warkewa ba ne, kuma a ganina wannan gaskiyar ta fi mana amfani a kan lallashi. Daga ranar muka daina lissafin kuɗin magani a gefen gadonsa, tunda mai yiwuwa yana jin mu, Hajiya kuma ta riƙa yi masa karatun Alƙur'ani tana kiran sunansa.

Muna gode wa ma'aikatan jinya da suka riƙa juya shi dare da rana don kada ya yi gyambon kwanciya, da 'yan acaɓar da suka ɗauke shi daga titi, da waɗanda suka ba da jini, da jama'ar masallacin unguwarmu da suka haɗa gudummawa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Masu son zuwa dubiya su yi haƙuri su zo bayan la'asar, biyu-biyu, domin likitoci sun ce hayaniya tana gajiyar da shi.