Na sauko lafiya, ga godiyata

Alhamdulillahi, wasan fiyanon da na yi a gaban jama'a jiya an yi an gama. Tun daren jiya saƙonninku ke shigowa, ko rabi ban amsa ba. Ku yi mini uzuri, bashin barcin wata huɗu nake biya.

Ba sai na maimaita muku ba. Kun san zancen wuyan hannuna, kun san makonni shidan da aka hana ni taɓa fiyano, kun kuma san ranar da na ce na fasa, a cire sunana daga masu wasa. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya same ni ana saura kaɗan in gama.

Wanda bai taɓa zama gaban fiyano ba, bari in nuna masa inda gizo ke saƙa. Kod, wato sautukan da ake bugawa tare. Kod ɗin D sauti uku ne: D, F shaf da A, babban yatsa, na tsakiya da ƙarami. Idan aka rubuta Dsus4 a takarda, sai ka ɗage na tsakiya daga baƙin maɓallin nan, ka ɗora yatsan zobe a kan G, sauti na huɗu idan ka ƙirga daga D. Rabin taku ne kawai tsakaninsu. Amma F shaf ɗin da ka ɗauke, sauti na uku daga D, shi ne ke gaya wa kunne ko mejo ake, mai sautin fara'a, ko maino, mai sautin jimami, to da ya tafi sai kod ya rataya, kamar wanda ya ɗaga ƙafa bai aje ba. Kunne ba ya hutawa sai huɗun ya sauko kan uku. Shi kuwa yatsan zobe, duk yatsu babu raggo kamarsa, sai ya ga na tsakiya ya motsa yake son motsawa. Shi ya ba ni wuya tun farko, a kansa na riƙa matsa wa hannun har ya yi ƙara.

To jiya na iso wurin lafiya. D, G, A. Bugu huɗu zan riƙe in sauko. Sai kaina ya ɗauke cak. Wallahi maɓallan nan 88 kamar ban taɓa ganinsu ba. Ƙafata na kan feda, abin takawar da ke riƙe sauti, ina jin sautin yana mutuwa a hankali, don fiyano ba ya jiran kowa, da ka buga ya fara dusashewa. Ɗakin tsit, har tarin wani nake ji can baya. Na ce shi ke nan, yau na kunyata malamina a gaban ɗalibansa.

Malam yana zaune a haguna don juya mini takarda. Ko kallona bai yi ba. Hannunsa ya ɗora a gwiwa, yatsu huɗu a miƙe, sannan ya lanƙwashe ɗaya a hankali. Huɗu zuwa uku. Yatsana ya zame ya koma F shaf, numfashina ya dawo. Ɗan ƙanwata da ke ƙirgawa ya ce bugu tara na riƙe, wai ya ɗauka haka aka rubuta. Ban gyara masa ba.

Malam, kun hana a ambace ku, amma yau sai dai ku yi haƙuri. Ku ne kuka mayar da ni bugu 60 a minti bayan jinya, hannu ɗaya, ba feda, ina ta ƙunƙuni. Ku ne kuka sa mini kiɗan Maiden Voyage na makaɗin fiyano Herbie Hancock, na 1965, kuka ce in saurari yadda kod ke ratayewa bai sauko ba kuma ba wanda ya mutu. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya shirya muku zuri'a, Ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa nawa jiya.

Yayata, ke kika riƙa ɗaure mini hannun kullum da dare, kika ɓoye makullin ɗakin fiyanon da kika ga ba na jin magana. Na yi fushi a lokacin. Allah Ya biya ki. Baiwar Allahn da ta yi mini gashin hannu, da abokin karatuna da ya nuna mini cewa Csus2 da Gsus4 maɓallai ɗaya ne, C, D da G, jerinsu kawai ya bambanta, ya rage mini rabin hadda: Allah Ya ba ku abin da kuke nema. Maƙwabcinmu kuwa da ya sha kod guda ɗaya ta bango wata da watanni bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba, Allah Ya sa haƙurinsa a mizani.

Kujeru uku na sa aka ajiye a sahun gaba. Har aka tashi jakata ce a kan ɗaya. Na san kowa da uzurinsa, na kuma san waɗanda suka ce da girmana me ya kai ni koyon kiɗa. Ban riƙe kowa ba. Hotunan dai suna nan ga mai so.

Malam ya aiko da safiyar nan, wai ranar Talata in zo da sus2 da sus4 a duk makullai 12, wato daga kowane sauti, ba D kaɗai ba. Na roƙi hutun mako guda. Har yanzu bai ba ni amsa ba.