Rana da kulorin suna cin bututun PEX tun kafin ya fara yoyo

Sana'ata shimfiɗa bututun ruwan zafi, kuma ina son PEX, wani irin bututun roba, saboda yana lanƙwasuwa yadda ake so, ba ya tsatsa. An taɓa kirana wani gini mai hitar sola a kan rufi. Bututun da ke cikin bango lafiya lau yake, amma wanda ya fito daga tanki ya bi ta saman kwano ya koɗe, fatarsa ta yi gari-gari, ina lanƙwasa shi ya karye ɓas. Na yanko guntu daga kowanne na kai wa wani abokina mai aiki a ɗakin gwaji.

Gwajin da ya yi ana kiransa OIT, wato awon lokacin da roba ke jure wa oksijin. Ya kankaro ɗan ƙanƙanin roba, ya ɗumama shi zuwa digiri 200 cikin iskar naitirojin, sannan ya saki oksijin yana ƙirga mintuna kafin robar ta fara lalacewa. Ta cikin bango ta daɗe tana jurewa. Ta saman kwano kuwa kusan nan take ta sare.

A nan na gane inda ƙarkon PEX yake. Asalinsa robar polietilin ce da aka sarƙe ƙwayoyinta da juna, kuma ɗaya daga cikin dabarun yin haka Thomas Engel ne ya fito da ita a Jamus a shekarun 1960. Sarƙewar nan ita ke sa ya jure zafi da matsin ruwa, amma ba ta kare shi daga oksijin. Wannan aikin wasu sinadarai ne da ake cakuɗawa a masana'anta, irin su Irganox 1010 da Irgafos 168. Kamar guzuri suke: kullum ana ci, ba a ƙarawa. Zafi na cinye su, ruwan zafi na wanke wani kaso, hasken rana na cinsu ta waje, kulorin ta ciki. Muddin da sauransu, bututun garau yake a ido. Ranar da suka ƙare sai roba ta bushe, tsaga ta fara.

Shi ya sa idan dillali ya ce mini shekara 50 yake yi, sai in tambaye shi a wane zafi. Ƙa'idar duniya ta bututun PEX, ISO 15875, ta ɗora lissafin shekara 50 na ajin farko ne kan digiri 60, alhali ruwan sola a watan Afrilu, idan ya wuni ba a buɗe famfo ba, yakan zarce haka nesa ba kusa ba. Yanzu daga bakin tanki da bututun tagulla nake farawa, in sa bawul mai sirka ruwa, sannan PEX ya karɓa. Duk inda zai ga rana kuma sai na sa masa riga.

Abin da ya fi damuna shi ne shaguna. Za ka ga naɗin bututu a jingine a ƙofa wata da watanni, alhali a ƙa'idar Amurka ta ASTM F876 mafi girman lambar juriyar rana wata 6 ce. Wanda ya sayi irin wannan ya biya kuɗin sabo, an ba shi wanda ya riga ya tsufa. Ni sai wanda ke cikin leda ko kwali a can ƙuryar sito nake ɗauka. Kuma kafin in bar aiki nakan roƙi maigida: Alhaji, don Allah a daina zuba kulorin a tanki da ka, a riƙa aunawa.